Taga a Jikin Bishiyar Lemo

Ranar da Auta ya shigo bayan gida da tef ɗin awo a hannu, Mai Hoto yana zaune a bakin tagarsa, ido ɗaya manne da kyamara, ya riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura. Tsuntsuwar ta riga ta leƙo da kai daga cikin ganye, saura ƙiris ƙirjinta ya fito cikin haske. Sai ƙofar langa-langa ta ce garam, tumbin Auta ya cika gilashin kyamarar tam.

"Kai Auta! Wai kai ba ka iya buɗe ƙofa kamar mutum ba ne?"

"Manaja," in ji ƙanen, ko waiwayowa bai yi ba. "A shago kowa Manaja yake ce mini."

"A shago ke nan. A gidan nan ni na goya ka, har fitsari ka sha yi mini a baya. Me kake aunawa?"

"Rumfar taya. Daga katanga zuwa bakin famfo. Ranar Asabar masu sara za su zo su fitar da wannan dajin, a zuba siminti."

"Da izinin wa?"

"Da izinin rabin gidan da yake nawa."

Su biyu kaɗai iyayensu suka bari, da gida ɗaya, kuma gidan ne ya hana su rabuwa, ba ƙauna ba. Auta yana sayar da tayoyin mota. Shi da matarsa da tagwayensu sun cinye ɗakunan gaba da falo da kicin, shagonsa kuma ya cika har tayoyi sun fara cin titi. Mai Hoto, wanda shi ne babba, yana ɗakin baya tun rasuwar matarsa, 'yarsa tilo kuma aure ya kai ta nesa. Tagar ɗakin tana kallon wani ɗan fili, a kusurwar filin akwai tsohuwar bishiyar lemon tsami da ta daina 'ya'ya tuntuni, wani yaɗo ya nannaɗe ta ya mayar da ita dunƙulen duhu. Shi ne dajin da Auta yake nufi.

A da Mai Hoto yana da studiyo a bakin babban titi. Hoton fasfo, hoton aure, hoton 'yan makaranta, babu wanda bai bi ta hannunsa ba. Duk wanda ya taɓa zama a gabansa ya san ba ya ɗaukar mutum yadda ya shigo. Sai ya gyara maka wuyan riga, ya murɗa maka haɓa, ya kawar da silin gashin da ya sauko wa amarya a goshi, ya ture tukunyar fulawa da ƙafa in ta yi masa kutse. Ka yi gunaguni ya ce ka rufe masa baki, gobe kai za ka dawo kana godiya. Da wayoyi suka zo, kowane ɗan iska ya zama mai hoto, sai ya kulle shagon. Abin da ya kwaso ya kawo ɗakin baya bai taka kara ya karya ba: kyamara mai dogon baki, ƙafarta, labulen studiyo mai zanen bene da furanni, da almakashin da yake yanke fasfo.

A wannan ɗakin, cikin zaman banza da ciwon zuciya, ya fara lura da tsuntsaye. Kurciyoyi ba su daɗe suna burge shi ba, don ba su da kunya ko ta sisi, ka kore su ma sai sun tsaya maka hoto. Waɗanda suka kama shi wasu 'yan ƙanana ne guda biyu, masu launin ƙasa, da farin layi a saman ido da ƙirji kalar tsatsa, kullum wutsiya a ɗage. Bai san sunansu ba, sai ya sa musu ango da amarya. Ba su taɓa zuwa bishiyar kai tsaye. Sai sun sauka a katanga sun duba, sun diro kan fasasshen bokiti sun sake dubawa, sannan su sulale ta ƙarƙashin ganye kamar ɓarayi. Tari ɗaya za ka yi, ka rasa su har azahar. Ya rataye labulen studiyon a tagar, ya huda tsakiyar benen, ya zura bakin kyamara ta ramin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ba mutane umarni, sai ga shi wasu halittu da ba su kai dunƙulen hannu ba sun koya masa yin shiru. Ya san lokacin wankansu a ɗigon famfo. Ya san kukan ango na kiran amarya da kukansa na ganin kyanwa. Ya ga ranar da suka fara jan ciyawa, ya ga ranar da suka koma kai tsutsa, kuma in unguwa ta yi tsit yana jin wani siririn tsiyu-tsiyu daga cikin duhun. A duk duniya babu abin da yake tashi da safe dominsa sai su.

Shi ya sa ya yaye labulen ya manna fuska a ragar sauron tagar. "Akwai sheƙa a bishiyar nan, da 'ya'ya a ciki. Ko gashi ba su gama yi ba."

Daidai nan matar Auta, wadda ake kira Maman Biyu, ta fito da bokitin wanki. Mace ce da ta iya zagin mutum cikin ladabi.

"Yaya, Allah ya huci zuciyarka, ni fa kullum a nan nake shanya. Ban da sauro da ƙadangare ban taɓa ganin komai a dajin nan ba. Rannan ma saɓar maciji na gani."

"Ledar burodi ce."

"To ko ledar ce, ai ta tsorata ni."

Auta ya naɗe tef ya nufi bishiyar. "Bari dai in leƙa da kaina."

"Ka ƙara taku ɗaya sai na rotsa maka kai da ƙafar kyamarar nan! In suka gan ka a bakin sheƙar ba za su dawo ba."

Auta ya tsaya, ya dubi matarsa, ya yi dariyar da ta fi zagi. "Kin ji ko? Suna nan, amma ba a ganinsu. Aljanu ke nan." Ya dawo bakin tagar, ya dafa ta da hannu biyu. "Yaya, kai ba mai hoto ba ne? To nuna mini. Ba ganye ba, ba bakin wutsiya ba. Uwa da 'ya'ya a sheƙa, yadda ko yaro zai gane. In ka kawo kafin Asabar, na bar maka bishiyar, su tashi, jikokinsu ma su tashi. In ba ka kawo ba, kada ka sake ɗaga mini murya a kan ciyawa."

"Na ji."

"Ni dai na san ba za ka kawo ba. Idon ya tafi, hannun ma rawa yake. Waya ce ta rufa maka asiri, aka ce ita ta kashe shagon."

Wannan maganar ta shiga Mai Hoto har ƙashi. Ya saki labulen, ya zauna a bakin gado yana kallon hannayensa, kuma don tsabar baƙin ciki sai ga su suna rawar.

Tun daga ranar ya tare a bakin tagar, ko wanka sai rana ta take. Ya cire ragar sauro don kada ta dusashe masa hoto, sauro suka yi ta biki a kansa. Ya hau gado, ya hau tebur, ya ɗora ƙafar kyamara kan tsofaffin akwatuna, duk a banza. Sheƙar tana can ciki, kuma daidai fuskarta wani ɗan reshe ya sauko da ganyensa ya tsaya ƙyam. In amarya ta shiga da tsutsa, abin da yake samu bai wuce wutsiya a dama, inuwa a hagu, ganye a tsakiya ba.

Mutanen gaba kuwa ba su bar shi ya ji da wannan kaɗai ba. Ba za a rantse a ce da gangan ne ba, amma tun da aka kawo Maman Biyu gidan ba ta taɓa kaɗe kafet a bayan gida ba sai a makon nan. Rediyonta ma ya tashi daga kicin ya koma kan dakalin famfo. Shi kuma Mai Hoto ba waliyyi ba ne. Ya kwance mata igiyar shanya ya ce tana shiga masa hoto, ya ɓoye batiran rediyon a cikin takalminsa, da ta aiko masa da abinci ya mayar ya ce gishirin ya isa a jiƙa fata. Gaisuwar safe ma ta mutu a gidan.

Ranar Alhamis da yamma Auta ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, wai ya zo ganin inda aiki ya tsaya. Mai Hoto ya zaɓi hoton da ya fi dama-dama ya nuna masa a bayan kyamara. Maman Biyu ta leƙo ta kafaɗar mijinta, ta daɗe tana kallo.

"Kai, Yaya, wallahi ganyen ya yi kyau," in ji ta. "Har jijiyoyinsa sun fito."

Auta ya yi ta dariya har da riƙe ƙofa. Yana tafiya yana kiran shugaban masu sara a waya, da ƙarfi yadda za a ji, yana ce masa su zo da wuri kafin rana ta yi zafi.

Washegari da sassafe Mai Hoto ya buɗe akwati ya ɗauko almakashin fasfo. Kada wani ya ce ya yi dogon tunani, ko ya yi kokawa da zuciyarsa. Bai yi ba. A wurinsa abin da ya tare fuska kawar da shi ake yi, haka hannunsa ya saba tun yana saurayi. Ganye ɗaya ne kawai. Ya jira har ango da amarya suka tsallake katanga neman abinci, ya tuɓe takalmi, ya lallaɓa gindin bishiyar da ya hana kowa kusanta.

Ƙayar lemo ta karce masa wuyan hannu, bai ji ba. Ya ɗaga reshen da yatsa, sai ga su. Sheƙar ba ta fi kofin shayi ba, an saƙa ta da ciyawa da zare, har da wani shuɗin ulu da ya tabbata daga rigar sanyin tagwaye aka sato shi. A ciki 'yan tsaki uku sun cure wuri ɗaya, fata ja, ciki a kumbure, ido a rufe. Da suka ji motsi sai suka miƙe wuya gaba ɗaya suka wage baki, rawaya shar, suna karkarwa. Sun ɗauka uwarsu ce. Mai Hoto ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya ce a ransa wallahi ko gatari Auta ya ɗauko sai dai ya fara ta kansa.

Ya datse ganyen. Ya ja baya, ya haɗa yatsu ya leƙa ta tsakaninsu yadda yake yi wa amare. Wani ganyen yana jefa inuwa a kan na tsakiya, shi ma ya datse. Ta hagu haske ba ya shigowa sosai, ya rage reshe biyu. Ta sama yaɗon ya yi buzu-buzu, zai ɓata kan hoton, ya daidaita shi. Hannunsa ko ɗar bai yi ba, kuma wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Kafin ya farga ya buɗe wata taga mai kusurwa huɗu a jikin bishiyar, tsaf da ita, sheƙar a tsakiya daram. A kan katanga ango ya dawo yana ta cak-cak-cak kamar maƙogwaronsa zai tsage. Mai Hoto ya kwashe ganyen da ya zubar ya zuba a aljihu.

"Yi haƙuri, ango," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Kowa da gunaguni yake farawa."

Ya koma bayan labule ya jira. Amarya ta sauka a katanga da tsutsa a baki, ta diro kan bokiti, ta koma katanga. Ta yi haka ya fi a ƙirga. Bai taɓa ganin ta daɗe haka ba. Amma kukan 'ya'yan ya fi ƙarfin tsoronta. Ta faɗa bakin sheƙar, rana ta hantsi ta zubo ta tagar ta haske ƙirjinta, bakuna uku suka tashi suka tarye ta. Ya danna.

Da ya duba bayan kyamarar sai da ya zauna. Ƙwayar idonta ta fito da ɗigon haske a ciki, tsutsar a lanƙwashe, shuɗin ulun nan a gefe. A duk auren da ya ɗauka babu hoton da ya kama ƙafar wannan. Ba zai nuna wa Auta shi a ɗan gilashin kyamara ba, a takarda zai manna masa shi a fuska. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta fita, ya wuce Maman Biyu a tsakar gida ko kallo ba ta ishe shi ba.

A shagon wanke hoto matar da ke kan injin ta tambaye shi ko daga intanet ya sauko da shi. Ya ce mata tun kafin a haife ta yake sana'ar. Ya sa aka fitar masa da babba, aka saka a ambulan. Maimakon ya koma gida, sai ya bi ta tsohon layinsa. Ya nuna wa mai gyaran agogon da ke maƙwabtaka da tsohon shagonsa, ya nuna wa tela, ya nuna wa mai kemis, kowa ya riƙe baki. Ya sha yabo ya ƙoshi, abin da ya daɗe bai ɗanɗana ba. Sai bayan la'asar ya kamo hanya.

Tun daga ƙofar langa-langa ya ji kukan. Ango da amarya suna kan igiyar shanya, a fili, tsuntsayen da tari ɗaya ke kora, suna ta kuka babu tsayawa. Maman Biyu tana tsaye a bakin famfo, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗayan yana can gindin katanga. Ya taka zuwa bishiyar. Sheƙar ta karkace, an zazzago ciyawarta ta tagar, cikinta wayam.

Yana nan tsaye, sai ƙofar ta sake cewa garam. Auta ne ya dawo daga shago, yana kaɗa makullin mota.

"Yau ce ranar ƙarshe fa, Yaya. Ko wannan ne?" Ya zare ambulan ɗin daga hannun yayansa, wanda ko riƙewa bai yi ba. Ya fito da hoton da shirin dariya a bakinsa, sai dariyar ta maƙale. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake kawowa.

"Kai," in ji shi a hankali. "Dubi bakinsu, don Allah. Ashe da gaske kake." Ya ɗago ya dubi yayansa. "Hannun yana nan, Yaya. Na janye maganata. Bari in kira mutanen nan in ce su fasa."

Ya zaro waya. Yana neman lambar yana matsowa. "Ta ina ake ganinsu? Daga nesa zan tsaya, ba zan tsorata su ba."

Ba ya buƙatar a nuna masa. Tagar da aka yanke a jikin bishiyar tana daidai tsayin idon mutum. Ya leƙa, ya dubi hoton, ya sake leƙawa.

"Ina suke?"

"Hankaka ne," in ji Maman Biyu. Idonta ya yi ja, kuma wannan karon babu ladabi ko na ƙarya a ciki. "Yaya yana fita ya sauka a katanga yana karkata kai. Shekara da shekaru hankakan nan yana sauka a nan, bai taɓa kallon bishiyar ba sai yau. Ya ɗauki ɗaya a kan idona. Na jefe shi da takalmi, na tsaya ina gadi cikin rana har tukunyata ta kama. Shigar da na yi in sauke, na fito na tarar ya kwashe sauran." Ta juyo ta dubi Mai Hoto ido cikin ido. "Yau na fara ganinsu, a bakin hankaka. Da ka bar ni ina cewa babu su, da yanzu suna nan."

Auta ya miƙa hannu ya shafa bakin reshen da aka datse. Yankan sumul yake, ba aikin iska ba ne, ba na tsuntsu ba. Ya bi kusurwoyin huɗu da ido, sannan ya dubi aljihun rigar da ke rataye a tagar ɗakin baya, inda ganye ya leƙo ya fara yaushi.

"Ni ne mugun gidan nan," in ji shi. "Ni na zo da tef, ni na kira masu sara. Amma ko ganye ɗaya ban tsinka ba, Yaya."

Auta ya mayar da hoton cikin ambulan, ya ajiye masa a kan dakalin famfo, ya mayar da wayar aljihu ba tare da ya kira kowa ba.

Ranar Asabar gari na wayewa Mai Hoto yana bakin taga, don bai san inda zai zauna ba in ba nan ba. Amarya ta zo da tsutsa a baki. Ba ta sauka a katanga ba, ba ta bi ta bokiti ba, kai tsaye ta dira a bakin sheƙar. Ta leƙa ciki, ta tsaya, ta juya ta ko'ina cikin haske, dukkan jikinta a fili. Ta tashi ta dawo da wata tsutsar, ta sake leƙawa. Kyamarar tana kan ƙafarta, a saite, yatsa ɗaya kawai take jira. Ya bar hannayensa a kan cinya.

Ba a jima ba masu sara suka shigo da adduna da buhunan siminti, Auta yana gaba yana nuna musu daga ina zuwa ina. Shugabansu, wani dattijo mai tawul a wuya, ya hango mutum ta gefen labule, ya matso ya gaishe shi.

"Baba, da ka rufe tagar nan. In muka fara, ƙura za ta cika maka ɗaki."

Mai Hoto ya janye bakin kyamarar daga ramin, ya tashi ya rufe.